Ɓeraye shida sun sha maganin kawuna ba su mutu ba: ko wannan ya isa hujja?

Ɗalibin harhaɗa magunguna, Yamai

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. Ni ɗalibi ne a fannin harhaɗa magunguna a nan Yamai, ina shekarar ƙarshe, kuma ina neman shawara a kan wani al'amari da ya haɗa karatuna da gidanmu, har ya kai ina jin nauyin kowane ɓangare.

Kawuna mai maganin gargajiya ne a Tawa, sana'ar da ya gada wurin mahaifinsa, kuma ya fi shekara talatin yana bai wa mutane wani haɗi na hawan jini. A cikin haɗin akwai ganyen sabara da ganyen geza da sassaƙen marke, sai wata saiwa ta huɗu wadda bai taɓa faɗa wa kowa sunanta ba, har ni. Ana ɗibar garin cokali biyu a tafasa da ƴar kanwa, a tace, a riƙa sha safe da yamma, kuma akwai waɗanda suka shekara suna sha ba fashi. Da ya ji zan rubuta kundin kammala karatu a kan tsirrai, sai ya aiko mini da garin a mota, ya ce in yi masa irin gwajin likitoci, domin yana son ya fara zuba maganin a kwalba da takarda a jiki, ya kawo shi kasuwannin Yamai.

Ga abin da na yi. Na jiƙa garin kwana biyu a ruwan da aka gauraya da etanol, na tace, na ƙafar da ruwan har ya bar wani baƙin ƙullu mai danƙo. Na bi ƙa'idar gwajin guba mai lamba 423 ta OCDE, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ci gaba, na samo ƙananan fararen ɓeraye mata masu mako 8 zuwa 12, kowace tana da nauyin kusan giram 25. Na hana su abinci na awa 4, na yi wa uku ɗura da miligiram 2000 a kan kowane kilo na nauyin jiki, wato kamar miligiram 50 ga kowace ɗaya, da na ga ba wadda ta mutu sai na ƙara wasu uku. A awannin farko sun yi lamo, gashinsu ya tashi, biyu sun yi kashi mai ruwa, amma washegari duk suka warware, suka cika kwana 14 suna ci suna sha, nauyinsu ma ya ɗan ƙaru.

Da na kira kawu na shaida masa, murna ta kama shi, ya ce to sai in rubuta masa a jikin kwalba da Hausa da Faransanci cewa an gwada a labo, ba shi da wata illa. Na ma yi wani lissafi: idan kilo ɗaya ya ɗauki miligiram 2000, mutum mai kilo 60 zai ɗauki giram 120, alhali abin da ake sha a rana bai ko kama hanyar haka ba. Duk da wannan zuciyata ba ta kwanta ba. Shin gwajin da na yi ya ba ni damar rubuta wannan jimla? Idan bai ba ni ba, me ya rage? Kuma da wane baki zan ce wa mutumin da ya riƙe ni tun ina lakkol ba zan rubuta ba?

Malama mai koyar da ilimin guba, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗana. Zuciyarka ta fi lissafinka gaskiya, kada ka rubuta wannan jimlar. Aikin da ka yi ba na banza ba ne, kuma na ji daɗi da ka bi ƙa'ida ta 423 maimakon tsohuwar hanya ta hallaka ɓeraye da yawa don a gano adadin da ke kashe rabinsu, abin da muke kira DL50, wanda masanin Ingila J. W. Trevan ya ɓullo da shi a 1927, OCDE kuma ta soke ƙa'idarta mai lamba 401 a 2002 saboda yawan rayukan da take ci. Amma tambaya ɗaya tak ka yi wa ɓerayenka, ita ce ko shan magani mai yawa sau ɗaya yana kisa, su kuma suka amsa cewa a wannan adadin bai kashe su ba. Masu sayen maganin kawunka ba sau ɗaya suke sha ba, kai da bakinka ka ce akwai mai shekara yana sha safe da yamma.

Gubar da ta fi ba mu tsoro a magungunan itace ba mai kayar da mutum nan take ba ce, domin irin wannan kakanni sun daɗe da gano ta, sun san zaƙami da tumfafiya da ƴaƴan zurma tun kafin a gina labo a ƙasar nan. Wadda ke wahalar da mu ita ce mai cin hanta ko ƙoda sannu a hankali, wata shida ko shekara biyu mutum yana harkokinsa, ranar da ƙafafunsa suka kumbura kuwa ba wanda zai tuna da dafaffen da yake sha, sai a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Ga mai hawan jini abin ya fi rikitarwa, tunda hawan jinin kansa yana lalata ƙoda, saboda haka laifin magani yana iya ɓuya a bayan laifin ciwo har mutum ya koma ga Allah ba a bambance ba.

A farkon shekarun 1990, a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam, mata fiye da 100 sun kamu da mummunan ciwon ƙoda bayan sun sha wani haɗin rage ƙiba. An yi nufin saka saiwar wani tsiron ƙasar Sin mai suna Stephania tetrandra, sai aka musanya ta da Aristolochia fangchi saboda sunayensu a harshen Sinanci sun yi kama da juna. Da yawa daga cikinsu sun koma wankin ƙoda ko dashe, daga baya kuma wasu suka kamu da sankarar hanyar fitsari, alhali ba wadda ta faɗi a ranar da ta fara sha. Na kawo wannan misali ne domin dangin wannan tsiro suna nan yankinmu, duman dutse yana cikinsu, ana kuwa amfani da saiwarsa a maganin gargajiya. Ban ce ita ce saiwar kawunka ba, amma matuƙar ba a san sunanta ba, babu mai iya cewa ba ita ba ce, kuma kundin da aka rubuta a kan garin da ba a san abin da ke cikinsa ba, ba wani mai bincike da zai iya maimaita shi.

Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne gwajin kwana 28, ƙa'ida ta 407. Ana ɗaukar manyan ɓeraye, galibi nau'in Wistar, a kasa su aƙalla rukuni huɗu, kowane rukuni maza 5 mata 5, jimla 40. Rukuni uku suna samun maganin a adadi ƙarami da matsakaici da babba, na huɗu kuwa ruwan da aka narkar da maganin kawai ake ɗura masa, shi ne rukunin shaida, wanda in ba shi duk lambobin da za ka tara ba su da abin kwatantawa. Ana yin ɗura kullum, ana auna nauyinsu kowane mako tare da abin da suka ci. A ƙarshe a ɗebi jini a duba sinadaran jini da ake kira ALAT da ASAT domin hanta, a duba na kireyatinin da ure domin ƙoda, a ƙirga ƙwayoyin jini, sannan a feɗe su, a auna nauyin hanta da ƙoda da saifa da zuciya, a yanko sirara a duba a madubin labo. Kada ka yarda a tsallake wannan na ƙarshe don tsada, domin kireyatinin ba ya tashi sosai sai ƙoda ta yi asarar kusan rabin aikinta, jini yana iya cewa lafiya lau alhali naman ya fara lalacewa. Yana da kyau kuma a ware wasu ɓerayen a bar su kwana 14 bayan an daina ba su, a ga ko illar tana warwarewa ko kuwa ta zauna. Maganin da ake sha shekara da shekaru ma kwana 28 mafari ne a gare shi, akwai na kwana 90, ƙa'ida ta 408, mai buƙatar maza 10 mata 10 a kowane rukuni.

Lissafinka na giram 120 kuskure ne da ɗalibai suka saba yi. Ƙaramar dabba tana sarrafa magani da sauri fiye da babba, don haka ba a ninka da kilo kai tsaye, ana la'akari da faɗin jiki. Ga ƙaramin nau'in ɓera ana raba adadin da 12.3, ga babban nau'i da 6.2. Miligiram 2000 ɗinka zai koma kusan 163 a kan kilo, ga mai kilo 60 abin bai cika giram 10 ba, kuma ko wannan sai an sake raba shi da 10 aƙalla kafin a fara tunanin ɗan Adam. Wannan lissafin ma ba a gina shi a kan adadin da bai yi kisa ba, ana gina shi ne a kan adadin da bai nuna illa ko ɗaya ba a gwajin kwanaki masu yawa, wanda kai ba ka da shi tukuna.

Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka sauƙin gani: ba maganin kawunka ka gwada ba. Shi tafasawa yake da kanwa, kai jiƙawa ka yi a etanol, kuma abin da etanol ke zaƙulowa daga sassaƙe daban yake da abin da ruwan zafi mai kanwa ke fitarwa. Ita kanwar kanta gishirin sodiyom ce, irin abin da ake ce wa mai hawan jini ya rage, sai a tambayi nawa ne ƴar kanwar nan take kaiwa a rana.

Dattijo mai maganin gargajiya, Tawa

Ɗana ne ya karanto mini wannan zance, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Malama, na saurari bayaninku, Allah ya ƙara sani, amma ina da ja a wuri ɗaya. Sabara da geza da marke ba jiya aka fara shan su ba, duk ƙasar Adar ba gidan da ba a taɓa dafa sabara wa mai jego ba. Yaya za a ce shaidar kusu arba'in na wata ɗaya ta fi shaidar dubban mutane tun kaka da kakanni? Mu ma muna da namu gwajin. Ku dubi anza: ƴaƴanta ba su ciwuwa ɗanye, amma iyayenmu sun gano cewa in an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani, ɗacin yana fita, da su kuwa mutane da yawa suka rayu a shekarun yunwa, har ta 2005. Ba kusu ne ya koya musu ba.

Amma tsakani da Allah, akwai inda zan ba ku gaskiya, kuma ina son yaron nan ya kai wa kawunsa wannan magana a matsayin ta abokin sana'a. Ni idan mutum ya zo wurina ina ganin idonsa, ina ganin tafin hannunsa, in mace ce sai na tambaya ko tana da juna biyu, in tsoho ne na rage masa, kuma nakan ce ya sha kwana bakwai ya dawo in gan shi. Kwalbar da aka ajiye a kasuwa ba ta tambayar kowa komai. Mai ciki za ta saya, mai ciwon ƙoda zai saya, wanda ke shan ƙwayar asibiti zai haɗa da ita, wani ma ya ga cokali biyu bai yi masa sauri ba ya mayar da shi biyar. Iyayenmu ba su taɓa bai wa mutum magani ɗaya ya shekara yana sha ba tare da an sake ganinsa ba, wannan sabon abu ne, shaidar kakanni kuwa ba ta kai nan ba.

Na biyu, wanda zai cika ɗaruruwan kwalabe ba zai iya haƙo saiwa da hannunsa kamar da ba, dole ya aiki yara ko ya saya a buhu, saiwa kuwa idan ta bushe aka daka ta, ko ni ba kullum nake rabe ta da ƴar'uwarta ba. Na ga irin garin da ake tallarsa a Katako wanda mai shi kansa bai san daga wane daji ya fito ba.

Zancen ɓoye suna kuwa, kada ku ga laifinsa. Mun sha ganin masu takarda sun zo sun zauna a tabarmarmu, sun rubuta abin da muka faɗa, sun tafi, ko gaisuwa ba mu sake ji ba. Wannan saiwar ita ce gonarsa, ita ce gadon ƴaƴansa. In ana son ya buɗe baki, sai a nuna masa abin da zai tsare masa haƙƙinsa.

Likitan dabbobi, Tawa

Baba, maganarku a kan kusu tana da ƙarfi fiye da yadda wasu masu labo ke son amincewa, ni kuwa da dabbobi nake kwana nake tashi, bari in ƙara mata hujja, ko da yake inda za ta kai mu ba nan kuke nufi ba. Ɓera ba ƙaramin mutum ba ne. Ɓera ba ya amai ko kaɗan, saboda haka maganin da zai sa mutum ya yini yana haraswa ba za a ga wannan alamar a keji ba. Babban nau'in ɓera ba shi da matsarmama, ƙaramin nau'in yana da ita. Abin da ya fi muhimmanci ga maganin hawan jini shi ne ɓeraye suna da juriya ƙwarai ga irin gubar zuciya da ke cikin tumfafiya da kwankwanin da maharba ke dafin kibiya da shi, domin wurin da gubar ke kamawa a ƙwayoyin zuciyarsu bai karɓe ta kamar na mutum ko kare ba. Idan saiwar nan ta huɗu tana cikin wannan dangi, ɓeraye shida za su iya shanye ta su ci gaba da guje-gujensu, alhali tsoho mai raunin zuciya ba zai ji da daɗi ba. Haka wasu zomaye suna da sinadari a jininsu mai rusa atirofin, irin gubar da ke cikin zaƙami. Labarin talidomid, wani magani da mata masu ciki suka riƙa sha, ma haka yake: an janye shi a 1961 bayan an haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasa, kuma ɓeraye ba su nuna illar yadda zomaye da birai suka nuna ta daga baya ba. Shi ya sa ba a yarda da dabba iri ɗaya kafin a kai magani ga mutane, ana son wata wadda ba dangin ɓera ba, ana kuma yin gwaji na musamman a kan masu ciki. Ke nan kusun da bai mutu ba bai wanke magani ba, amma kusun da hantarsa ta lalace gargaɗi ne da ba a wasa da shi.

A kiwo muna ganin wani abin da ya shafi zancen shaidar kakanni. Raiɗore, wanda wasu ke kira sanga-sanga, ganyensa sananne ne a maganin zazzaɓi, har yana cikin haɗin Malarial da ake yi a Mali, amma ƴaƴansa idan suka yi yawa a abincin dabba suna lalata tsoka. Itace ɗaya, ganye magani, ƙwaya cuta. Don haka a ce an daɗe ana shan itace kaza bai isa ba, sai an faɗi wane sashe, nawa, kuma har tsawon wane lokaci.

Ƙanena, kai kuma ina da tambayoyi a kan yadda ka riƙe dabbobin, domin a ƙasarmu nan ne gwaji ya fi lalacewa. Ƙa'idar da ka bi tana son ɗaki mai awo 19 zuwa 25 na zafi, haske awa 12 duhu awa 12, kuma a bar ɓerayen aƙalla kwana 5 su saba da wurin kafin a taɓa su. A Yamai cikin watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40, idan wuta ta ɗauke na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ɓera zai rage ci, ya ƙara shan ruwa, ya yi lamo, kai kuma ka rubuta cewa aikin magani ne. Ba ka ambaci rukunin shaida ba, da akwai ko uku da aka ɗura wa ruwa zalla da mun san ko lamon nan na magani ne ko na yanayi ne. Ba ka kuma ce ka feɗe su a rana ta 14 ba, alhali ƙa'idar ta ce a duba cikin kowace ɗaya, har waɗanda suka rayu. Tashin gashi da zawo alamu ne, a rubuta su da sa'ar da suka fara da sa'ar da suka ɓace, kada a share su don dabba ta warware.

Ka kula da abincinsu sosai idan za ka shiga gwajin kwana 28. Tunkuza da masarar da suka sha danshi suna ɗauke da aflatoksin, gubar fumfuna mai cin hanta, wadda aka gano ta bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin da aka haɗa da garin gyaɗa. In ka ciyar da ɓerayenka irin wannan, hantar rukunin shaida ma za ta lalace, wata guda na wahala ya tafi a iska. Wannan fumfunar tana kama garin magani ma idan aka ajiye shi da damina, saboda haka a duba garin kawu ta wannan fuska, tare da dalma da ƙwayoyin cuta. Ka kuma koyi ɗura a hannun gwani, kada ruwan ya wuce mililita 1 a kan giram 100 na nauyi, ko 2 idan a ruwa zalla aka narkar, domin bututun da ya kauce ya shiga huhu yana kashe ɓera cikin mintuna, wanda bai sani ba sai ya ɗora wa magani.

Rayuka arba'in ba abin wasa ba ne. Tun 1959 masana biyu, Russell da Burch, suka shimfiɗa cewa a maye gurbin dabba da wata hanya in akwai, a rage yawansu, a kuma sauƙaƙa musu wahala, mu kuwa mun riga mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ka nemi amincewar kwamitin ɗa'a kafin ka fara, dabbar da ta galabaita kuma a hutar da ita ba tare da an jira mutuwarta ba. A ganina bai halatta a kashe ɓera ko ɗaya a kan garin da ba a san sunan abin da ke cikinsa ba.

Ɗalibin harhaɗa magunguna, Yamai

Na gode ƙwarai, Malama, Baba da Yaya likita, Allah ya saka da alheri. Gaskiya ban ajiye rukunin shaida ba, ban kuma feɗe su ba, na ga sun rayu sai na ɗauka aiki ya ƙare. Gwajin a watan Janairu na yi shi, zafi bai dame mu ba, amma sauran gyaran duk na karɓa.

Na kira kawu daren jiya, ban fara da zancen labo ba, maganar Baba na karanta masa, wadda ta ce kwalba ba ta tambayar kowa komai. Ya yi shiru, sannan ya ce shi ma bai taɓa bai wa mai ciki wannan haɗin ba, kuma bai yi tunanin yadda zai hana ta saya a kasuwa ba. Ya yarda a dakata da zancen kwalba. Sunan saiwar dai bai faɗa ba, amma ya ce idan na je hutu zai kai ni inda take in gan ta da idona, da sharaɗin kada sunan ya fita a takardar da kowa zai karanta. Malama, ko akwai hanyar da za a bi a kiyaye masa wannan sharaɗi? Kuma me zan rubuta a kundina game da gwajin da na riga na yi?

Malama mai koyar da ilimin guba, Yamai

Akwai hanya, ɗana, kuma koken Baba yana kan gaskiya. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 an yi ta ne domin masu ilimin gargajiya su samu rabonsu idan aka ci moriyar saninsu, Nijar kuma tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke rajistar haƙƙin ƙirƙira. Kafin a kai can, a yi takardar amana tsakanin kawunka da malamin da ke duba aikinka, kowa ya sa hannu, a bai wa saiwar lamba a kundin da za a ajiye a ɗakin karatu, sunanta na gaskiya ya tsaya wurin masu bincike da hukumar da ke ba da izinin sayar da magani, domin ita ba a ɓoye mata. Ka faɗa masa cewa maƙwabtanmu sun bi wannan hanya: a Burkina Faso an fitar da maganin sikila mai suna FACA daga fasaƙwari da tumfafiya, ita tumfafiyar da muke tsoro, bayan an san sunan kowane itace an kuma tsayar da ma'auninsa. Duba tsabtar garin kuwa, ka fara tambaya a LANSPEX, labon lafiyar jama'a na ƙasa, a nan Yamai, tunda binciken ingancin magunguna aikinsu ne.

A kundinka ka rubuta iyakar abin da ka gani: cewa ɗura sau ɗaya na abin da etanol ya fitar daga garin, a miligiram 2000 kan kilo, bai kashe ko ɗaya daga ƙananan ɓeraye mata shida ba cikin kwana 14, cewa an ga lamo da tashin gashi da zawo a ranar farko, kuma ba a yi feɗa ba, ba a duba jini ba. Idan kun je dajin kada ka ɗebo saiwa kaɗai, masanin tsirrai ba ya gane itace da saiwa. Ka yanko reshe mai ganye, da fure ko ƴaƴa in akwai, ka shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu ka danne da abu mai nauyi, ka rubuta wurin da ranar, ka kai sashen ilimin tsirrai na Jami'ar Abdou Moumouni a tantance shi a ba shi lamba. Ƙarshen damina ya fi dacewa, lokacin da yawancin tsirrai ke da fure. Ka kuma zauna kusa da kawu ranar da zai dafa, ka auna garin da kanwar da ruwan a sikeli, ka duba minti nawa yake bari a wuta, domin wannan dafaffen ne za ka busar ka ɗura wa ɓerayen kwana 28.